Yadda Harisu Ya Gayyato Surukinsa Gwanjo

A shekara ta biyu da ƙaddamar da Shari'a, ana dab da faɗuwar damina, Harisu ƙanen Amadu ya kwance shanun huɗa biyu na gandunsu, ya ce wa mutanen gida zai kai su allura. Kasuwar Mai'adua ya kai su ya sayar, har da amalanken da suke ja. Daga can bai juyo Daura ba, sai ya hau motar Kano. Da ya dawo, ba shanu, ba amalanke, sai wani ɗan akwati da ya ɗaure a cikinsa da tsumma, yana tafiya a sanƙare kamar wanda aka yi wa aiki a asibiti.

Ni ya fara kawo wa. Ba don girmamawa ba ne, rubutun da ke jikin kayan ne ya fi ƙarfinsa, kuma a unguwarmu ni kaɗai na rage cikin waɗanda Turawan mishan suka koya wa karatu. Sauran duk sun riga ni.

Harisu ya taɓa yin wata uku a Jidda kafin a kamo shi a dawo da shi, kuma tun daga nan ba ya buɗe baki bai ce "mu da muka ga duniya" ba. Ya zauna a zaurena, ya sa na tura ƙofa, sannan ya buɗe akwatin. Sulallan zinariya ne guda bakwai, kowanne kwance a gurbinsa a kan jan ƙyalle. Akwai na Ingila mai kan sarauniya, da na Faransa mai zakara, da na wani sarkin Turai mai saje har kafaɗa, da na Afirka ta Kudu mai barewa, da na Farisa mai zaki riƙe da takobi, da na Turkiyya wanda rubutu ne zalla. Na bakwai daga Meksiko yake, da wata mace mai fukafukai wadda ta manta rigarta a gida. Na karanta masa abin da idona ya iya gani. Kuma bari in faɗa tun yanzu, don kada wani ya ce an cuce shi: zinariya ce ta gaske, tsofaffi ne na gaske, kuma Kwaran, wato Balaraben ɗan kasuwar da ya sayar masa a Kano, wanda ke haɗa kaya zai koma ƙasarsu, bai zalunce shi ba. Duk abin da ya biyo baya Harisu da hannunsa ya yi.

A shagon Kwaran ya ga talabijin, ya ga masu kuɗi zaune a jere suna ɗaga hannu, wani na tsaye da guduma yana kiran farashi, kowa na ƙoƙarin ya danne ɗan'uwansa. Ya ce wannan shi ne gwanjo na gaskiya, ba na tsofaffin riguna ba, kuma shi zai kawo shi Daura.

"Wannan ba awo ake yi ba, Baba Malam," in ji shi. "Tarihi ake saya. Kafin ruwa ya sauka za ka ga shanu huɗu a turkenmu. In masu kuɗi suka yi zuciya kuwa, tarakta ce."

Amadu ya dawo daga sharar gona ya tarar da turke wayam. Ya tambayi ina shanu, Harisu ya ce suna nan, kama suka canja, ya buɗe masa akwatin. Amadu ya daɗe yana kallo. Mutum ne da ba ya ɗaga murya.

"Wanne ne Baƙin a ciki, wanne ne Jan?"

"Yaya, ai kai ba ka fita waje ba, shi ya sa."

"Ɗaura wa mai sajen nan garma mu gani."

Da Harisu ya fara zancen tarakta, Amadu ya katse shi. Ya ce ranar da ruwan shuka ya sauka, in babu shanu a turke, gandu ya rabu: kowa ya kama gonarsa, kowa ya kama rumbunsa, shi ya gaji da noma wa mutum biyu. Tun rasuwar mahaifinsu suke noma gonar hanyar Sandamu tare, kuma kowa ya san wa ke sunkuyawa, wa ke tsayawa yana ba da labarin Jidda. Harisu ya yi dariya, ya ce ya yarda, har ya kira ni shaida.

Abu na farko da ya yi shi ne wanki. Na gaya masa cewa masu tara irin waɗannan sulalla dushewar nan suke so, ita ce shaidar tsufa. Ya ce shi ya sa kayan Turawa ke kwantai. Ya samo tsamiya da toka da soson ƙarfe, ya zauna a tsakar gida ya dirje su ɗaya bayan ɗaya, har suka riƙa ƙyalli kamar sabon kwanon amarya. Sarkin Turai ya fito da rabin sajensa. Barewa ta rasa kunne ɗaya.

Na biyu, ya kai su ƙofar masallaci bayan la'asar don mutane su gani su yaɗa. Limamin unguwa ya ɗauki na Turkiyya ya yaba rubutun, ya ɗauki na Farisa ya gyaɗa kai, ya ɗauki na Meksiko ya kawo kusa da ido, sai ya kife shi da sauri ya nemi tsari. Ya ce a wannan lokaci da muke ciki ba za a baje wannan a gaban jama'a ba, ita ma sarauniyar kanta ba ɗankwali. Harisu ya ce wannan ƙaramin abu ne ga wanda ya zauna a ƙasa mai tsarki. Ya aro jan farce a maƙwabta, ya ɗauki tsinke, ya zana wa mai fukafukai hijabi har gwiwa, ya yi wa sarauniya nata daidai kafaɗa. Sarauniyar Ingila ta fito kamar za ta Islamiyya. Da jan farcen ya rage, sai ya ƙara wa zakara ja a tukkunsa, don kada a yi asara.

Na uku, ya ɗauki masu zuga tayi. Kwaran ya taɓa gaya masa cewa wani lokaci mai kaya yakan dasa mutanensa cikin taro su riƙa ƙara farashi don masu saye su yi zafi. Ya zaɓi Kabo mai faci da Jamalu mai shayi, ya tara su a zaurensu don gwaji, ya aro gudumar maƙeri, ya ajiye teburin shayin Jamalu a gabansa. Kabo ya taya dubu goma. Jamalu ya ce miliyan. Kabo ya ce Jamalu ko ƙwayar gyaɗa miliyan bai taɓa gani ba. Jamalu ya ce gara shi, ba ya kwana yana hura wa tayar mutane iska. Kafin Harisu ya raba su sun kama wuyan rigar juna, shi kuwa don ya tsawatar sai ya sauke guduma da ƙarfi, teburin ya rabu biyu. Jamalu ya saki Kabo ya kama Harisu.

Hayaniyar ta kai kunnen liman, ya kira Harisu ya gaya masa cewa gwanjo halal ne, amma mutum ya taya abin da ba shi da niyyar saye don a ruɗi wani haramun ne. Ya ƙara da cewa zinariya hannu da hannu ake cinikinta, a ba da kuɗi a karɓi kaya a wurin, ba bashi, ba sai gobe. Harisu ya je ya dawo da Kabo da Jamalu, suka tsaya gaban liman suka tabbatar cewa wallahi suna da niyyar saye, niyya mai ƙarfi ma, kuɗin ne kawai babu. Liman ya dube su, ya dubi sama, ya shige gida bai ce komai ba. Harisu ya ce wannan shirun izini ne.

Ya ɗauki mai shela a kan babur da lasifika, ya zaga Daura, ya je Zango, ya je Sandamu, har Baure, yana sanar da zinariyar ƙasashe bakwai. Ya yi hayar rumfa da kujerun roba. A gabas kuwa hadari ya fara leƙowa da yamma yana komawa, Amadu kuma kullum sai ya tsaya bakin turke ya kalli sama, ya kalli ƙanensa.

Sai kuma babbar dabarar ta zo masa. Ya taɓa halartar ƙaddamar da littafi a Katsina, ya ga yadda ake gayyato babban mutum ya buɗe da kuɗi mai nauyi, sauran su bi sahu don kada su ji kunya. Ya ce gwanjonsa ma sai da babban mai buɗewa, kuma a duk unguwar ba wanda ya kai surukinsa, Alhaji Ya'u Mai Goro.

Alhaji Ya'u ya haura casa'in a lokacin. Ya yi fataucin goro tun ana tafiya da jakuna, ya daina ciniki tun kafin a haifi yawancin masu gemu na yanzu. Rabin magidantan unguwar shi ya yi musu walicci ko ya ba su jarin farko, sauran rabin kuwa shi ya raɗa musu suna. In yana kan tabarma, ba mai zama kan kujera.

Haulatu, matar Harisu, ita ce autarsa. Da ta ji, ta ajiye tankaɗe ta ce masa ya bar Baba a gida.

"Baban Khairat, Baba fa har yau in ya ba ni naira ashirin cewa yake in sayi atamfa."

"Ke ba ki san tsarin taro ba. Darajarsa nake so."

"Darajar tasa ce nake jiye maka."

Ya ce mata harkar ƙasa da ƙasa ba ta mata ba ce. Ta ɗauki tankaɗenta ta ci gaba.

Ya je gidan surukin, ya tuɓe takalmi tun daga bakin titi, ya durƙusa a ƙofar zaure, kansa a ƙasa. Mutumin da ya cika gari da lasifika, a nan muryarsa ba ta wuce gwiwarsa ba. Abin da ya iya fitarwa shi ne akwai ɗan taro, akwai 'yan kaya da za a sayar, ana roƙon Baba ya zo ya sa albarka ya buɗe. Tsohon ya ce Allah ya rufa asiri, zai zo. Bayan Harisu ya tafi, ya gaya wa waɗanda ke zaune cewa yaron nan ya shiga matsi har yana sayar da tarkacensa, kuma ba zai bari mijin 'yarsa ya tozarta ba.

Ranar gwanjo filin ƙofar gidansu ya cika tun hantsi. Mutanen ƙauye sun zo kallo, mata sun leƙo ta kan katanga, masu rake da masu ƙanƙara sun kafa kasuwa. Harisu ya sha babbar riga mai aska, ya hau kan benci, guduma a dama, lasifika a hagu. Kabo na gefen gabas, Jamalu na gefen yamma, don kada su haɗu. Amadu na tsaye can baya, ya harɗe hannu.

Kuma abin mamaki, mai saye na gaske ya zo. Wani Alhaji Mansur ne daga Kano, wanda Kwaran ya ba labarin inda sulallan suka tafi. Ya fito daga mota da jaka a hammata da wani ɗan gilashi a aljihu. Ya nemi ya duba kayan. Da ya ga dirzar soson ƙarfe sai ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. Da ya ga hijabin, ya tambaya a hankali wa ya yi wannan. Harisu ya ce gyara ne na musamman, kuma bai ƙara ko kwabo a kansa ba. Alhaji Mansur ya ce jan farce dai zai fita, saje ne ba zai dawo ba, amma duk da haka na Farisa da na Turkiyya sun isa ya zauna. Ya zauna a kujerar gaba, ya ɗora jaka a cinya. Harisu ya kalli jakar, ya kalli Amadu, ya ɗaga masa gira.

Ya buɗe taro da jawabi. Ya ce dokar gwanjo ɗaya ce a duk duniya: wanda ya fi tayi shi ke ɗauka, kuɗi hannu, kaya hannu, kuma in guduma ta sauka ko uban mutum ba ya tayar da ciniki. Ya sa liman ya tabbatar, liman ya tabbatar da rabin da ya shafe shi.

Ana cikin haka Alhaji Ya'u ya iso, yana dogara sanda. An tanadar masa kujera mai laushi a tsakiya. Ya dube ta ya ce ƙafafunsa ba su saba da lilo ba, a shimfiɗa masa tabarma. Yana zama, sai aka ji ƙarar kujerun roba ta ko'ina, jama'a na sauka ƙasa. Cikin ɗan lokaci kujerun haya duk sun zama fanko, in ban da ta Alhaji Mansur, wanda ya waiga hagu da dama bai gane abin da ya faru ba.

Harisu ya tsinci kansa tsaye a kan benci, sama da kan surukinsa, da takalmi. Ya sauko da sauri har rigar ta harɗe shi. Ya tuɓe takalmin, ya durƙusa. Ya ɗaga lasifika zai yi magana, ya tuna a gaban wa yake, ya ajiye ta. Haka aka fara gwanjon zinariyar ƙasashe bakwai: mai gwanjo a tsugune, ba takalmi, idonsa a ƙasa, yana raɗa.

Ya miƙa na Farisa da hannu biyu, ya roƙi Baba ya buɗe. Tsohon ya juya shi, ya ce zakin ya rame. Sannan ya gyara murya, ya ce shi ba ya son a ce ya yi wa yaro ƙwauro.

"Naira ɗari biyar."

Ya faɗe ta da nauyi, yadda mutum ke kyautar doki. Wasu dattawa suka ce madalla. A lokacin ɗari biyar kuɗin 'yar kaza ce mai kyau.

Harisu ya raɗa ko akwai ƙari. Ba wanda ya motsa. Ya saci kallon Kabo. Kabo, wanda Alhaji Ya'u ya biya wa sadaki, ya duƙufa yana nazarin wata tururuwa. Harisu ya ƙifta masa ido, ya ƙara ƙiftawa, har Kabo ya buɗe baki wani sauti ya fito.

"Kabo, magana kake?" in ji tsohon.

"A'a, Baba. Tari ne."

"A sha citta."

Harisu ya juya wajen Jamalu. Jamalu ya riga ya zame, ana hango ƙeyarsa a bayan mai rake.

Sai Alhaji Mansur ya ɗaga yatsa daga kan kujerarsa, ya ce dubu ashirin.

Na ga fuskar Harisu a wannan lokacin, kuma ban taɓa ganin murna da tsoro sun haɗu a fuska ɗaya haka ba. Gunaguni ya tashi. Wani ya tambaya ɗan gidan wa ne wannan. Wani ya ce daga ganin zamansa ka san ba a yi masa faɗa a gida. Daga kan katanga wata tsohuwa ta ce a Kano haka ake yi, a take maganar dattijo a gabansa? Alhaji Mansur ya ce shi gwanjo ya zo, kuma mai gwanjo da bakinsa ya faɗi doka.

Alhaji Ya'u bai yi fushi ba. Ya sa aka maimaita masa abin da baƙon ya ce, ya gyaɗa kai, ya ce to, tunda an kira shi ya buɗe kuma buɗewar tasa ba ta isa ba, bari ya koma gida kada ya tsare wa masu kuɗi wuri. Ya laluba sandarsa.

Duk filin ya juyo ya zuba wa Harisu ido. Surukinsa ne, shi ya je har gida ya gayyato shi, ga shi zai tashi a kunyace a gaban mutanen Zango da na Baure. Harisu ya dubi jakar, ya dubi sandar. Ya ce da baƙon, Alhaji ya yi haƙuri ya ɗan janye, a nan ba a yin haka.

Wani daga baya ya ce, "Ɗan halak."

Wannan kalmar ce ta kashe shi. Da a ce ba a yaba masa ba, da wataƙila ya tsaya nan, ya lallaɓa baƙon su haɗu daga baya. Amma Harisu bai taɓa jin yabo ya bar shi ya huce ba. Ya miƙe, ya manta da tsuguno, ya ɗauki lasifika. Ya ce shi ya ga Jidda, ya ga masu kuɗin da wannan baƙo ba zai iya riƙe musu takalmi ba, amma bai ga kuɗin da zai sayi mutuncin Baba ba. Jama'a suka ce gaskiya ne. Ya ce a Daura tarbiyya ake tayawa kafin zinariya. Jama'a suka yi kabbara. Ya ce a ɗauke kujerar nan, kuma Kabo, wanda ya sami abin yi a ƙarshe, ya zo ya tsaya a kan baƙon har ya tashi.

Alhaji Mansur ya shiga motarsa, jama'a na biye. Ya sauke gilashi, ya kira Harisu, ya ce shi ba rigima ta kawo shi ba: a ba shi duka bakwai ɗin yanzu, ya faɗi kuɗin da zai sayi shanu huɗu da amalanke har a yi canji. Amadu, wanda ya matso kusa, ya kama hannun rigar ƙanensa ya matse. Amma mutum ɗari na kallo, lasifika kuma na hannu.

"Albarka," in ji Harisu, ta cikin lasifika, har ana ji a bakin kasuwa.

Mota ta tashi. Aka rako Harisu rumfa ana dafa kafaɗarsa, yana tafe yana gyara riga. Sai da ya sake durƙusawa gaban tabarma, ya ga na Farisa a hannun tsohon, sannan na ga abin ya fara isa kansa.

Alhaji Ya'u ya ce ya ji daɗi, yaron nan ashe yana da hankali. Ya ce a buga gudumar. Harisu ya buga a ƙasa, a hankali, kamar mai fasa ƙwai. Tsohon ya ce kuma don kada kaya su kwana, a kawo sauran shidan, ya saye duka a kan farashin farko, har da mai jan mayafin, ko da yake bai san me zai yi da ita ba. Harisu ya raɗa ko akwai ƙari, sau shida yana raɗawa, sau shida Kabo na kallon tururuwa. Tsohon ya zaro wata tsohuwar jakar fata daga ƙarƙashin riga, ya biya a wurin, liman ya shaida hannu da hannu ne, ciniki ya ƙullu.

Ana naɗe tabarma iska ta taso ta kwashe rumfar haya ta kife ta a kan mai ƙanƙara. Kafin a ɗaga ta ruwa ya sauko, ba yayyafi ba, ruwan shuka sosai, mai ƙamshin ƙasa. Jama'a suka watse da gudu suna murna. Harisu ya rage a tsakiyar fili cikin babbar riga, guduma a hannu, kujeru na yawo a kan ruwa. Amadu ya zo ya tsaya kusa da shi, su biyu suna jiƙewa.

"Gobe da safe ka zo da igiyar awo," in ji Amadu. "Ka taho da Baba Malam, shi ne shaida."

Na je, kuma ban ji daɗin zuwan ba. Na san mahaifinsu, na san shekarar da ya sare kukar da ke tsakiyar gonar. Aka ja igiya, aka kafa duwatsu, gona ɗaya ta zama biyu.

Sulallan kuwa ba su kwana biyu a gidan Alhaji Ya'u ba. Ya aika wa Haulatu da su a ƙulle cikin ganyen goro, ya ce a ba Khairat ta yi wasa. Ko ya san abin da ya saya, ko bai sani ba, ban tambaye shi ba, kuma yanzu ba halin tambaya. Haulatu ta goge hijaban da kananzir, ta nemi izinin zuwa Kano gaida 'yar'uwa, ta sami Alhaji Mansur. Ya rage mata kuɗin saje da na kujerar da aka ɗauke masa, amma abin da ya bayar ya sayi shanu biyu, matasa, da garma sabuwa. Da sunanta aka saya, a turken gidan ubanta aka ɗaure su, kuma ta sa aka sanar cewa na haya ne.

Amadu ne ya fara kamawa, ya biya a take. Bayansa mutum uku suka biyo. Harisu ya shiga gari yana cewa dama tsarin ke nan tun farko, mutanen da ba su fita waje ba ne ba su gane ba. Da ya ga gonar Amadu ta yi kore tasa na nan fayau, sai ya sami Haulatu a tsakar gida, ya ce a tura masa shanun gobe.

Ta ce akwai mutum uku a gabansa.

"Ni fa mijinki ne."

"Na sani, Baban Khairat," in ji ta, ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba. "Shi ya sa ma na sa ka a layi. Da wani ne aka taɓa ba shanu ya kai allura, sai ya kawo mai tsaya masa."